Kajina Suna Ta Mutuwa, Agwagin Amarya Kuwa Ko Gezau

Assalamu alaikum Hajiya, ina gaisuwa tare da fatan kina lafiya da iyali. Ƙanena ne yake rubuta wannan saƙo a wayarsa, ni kuma ina faɗa masa. Ina zaune a wani ƙauye a ƙasar Ringim. Shekara uku ke nan ina tara kaji, tun daga sagara biyu da na saya da kuɗin ƙuli-ƙuli har suka kai 26. Da su nake sa ran yi wa 'yar farina kayan ɗaki, don an sa bikinta bayan ƙaramar Sallah.

Ran wata Lahadi maigidanmu ya dawo daga kasuwa da wani ƙaton jan zakara, ya ce da araha ya same shi, ya sake shi cikin kajina. Ran Talata zakaran ya daina cara, ya koma gindin rumbu ya takure, ran Laraba ya mutu. Ran Asabar sai nawa suka fara. Su yi jugum, su saki fukafukai har ƙasa, su riƙa buɗe baki suna numfashi kamar mai minshari, kashinsu ruwa-ruwa kore shar. Biyu wuyansu ya murɗe, kai ya juya sama, suna ta zagaye a wuri ɗaya. Cikin kwana shida na rasa 12, biyar suna kwance, tara ne kawai suke kiwo, ɗaya a cikinsu tana kwanci a kan ƙwai 11. Na jiƙa musu ɓawon maɗaci da barkono, na fasa musu kafso mai ja da yalo a ruwa, babu wani sauƙi.

Abin da yake ci min rai, abokiyar zamana tana da agwagi huɗu, kasko ɗaya suke sha da kajina, amma babu abin da ya samu ko ɗaya. Kuma ana jibi abin zai fara mun yi 'yar hayaniya da ita saboda kajina sun ɓata mata shanya. Yayata ta ce wannan ba banza ba, ko an barbaɗa musu wani abu ko an yi musu baki. Tun daga nan ba na amsa gaisuwarta da daɗin rai. Surukata ta ce duk wadda ta kwanta a yi maza a sa mata wuƙa kada ta zama mushe, har an yanka uku cikin 12 ɗin nan an ci. Maigida kuma ya ce ran kasuwa zai kwashe taran nan ya sayar a samu ko rabi. Yara suna jefar da matattun a juji bayan gida, yanzu ga maƙwabciyarmu ta aiko cewa nata ma sun fara. Hajiya, ban san ta ina zan kama ba.

Daga wata baiwar Allah, ƙasar Ringim, jihar Jigawa.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da wannan rashi, Allah Ya mayar miki da mafi alheri. Na san ba za a rasa mai ce miki "kaji ne fa kawai" ba, amma wanda bai taɓa kwance bakin zani ya ƙirga kuɗin ƙuli ya sayi sagara ba, ba zai san ciwon abin ba. Kazar mace a karkara ita ce asusunta, ita ce kuɗin magani daren da yaro ya kwana da zazzaɓi, ita ce kwalla da katifar 'ya. Shekara uku kina buɗe akurki da asuba kina watsa dusa, sai ga shi cikin mako guda kina ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. In kin yi kuka ba ki yi abin kunya ba.

To amma share hawayenki mu koma kan wasiƙarki, don amsar da kike nema da bakinki kika faɗe ta, ba ki dai lura ba ne. Bi kwanakin da yatsa. Zakara ya shigo Lahadi, Talata ya daina cara, Laraba ya mutu, Asabar naki suka fara. Kwana shida ke nan tsakanin shigowarsa da kwanciyar kazarki ta farko. Akwai wata cuta da a ƙauyukanmu ake ce wa annobar kaji kawai, ko a ce "iska ce ta shigo gari". Likitocin dabbobi suna kiranta Niyukasil, da sunan garin nan na Ingila da ƙanenki zai sani ta dalilin ƙwallo, don yana cikin wuraren da aka fara gane ta a 1926. A Nijeriya tun 1952 aka tabbatar da ita. In ta shiga jikin kaza takan yi kwana 2 zuwa 15 a ɓoye kafin ta bayyana, mafi yawanci biyar zuwa shida. Koren kashi, numfashi da baki a buɗe, sakin fukafukai, sannan murɗewar wuya da zagaye wuri ɗaya idan ta taɓa ƙwaƙwalwa: duk abin da kika lissafa min nata ne. A garken da ba a taɓa yi wa rigakafi ba tana iya sharewa kaf, ko ta bar 'yan tsiraru.

Lokacinta ne kuma. Duk shekara da hunturu take ɓarna a Arewa, saboda ƙwayar cutar ta fi daɗewa da rai a cikin sanyi, sannan a lokacin ne dillalai ke bin kasuwanni suna tara kaji a keji ɗaya don kaiwa Kudu lokacin Kirsimeti. Ki je kowace babbar kasuwa, ko Wudil ran Juma'a ko Maigatari ran Alhamis, za ki ga kajin ƙauyuka ashirin an ɗaɗɗaure ƙafafunsu an jera a tabarma ɗaya, baki kusa da baki. Wanda annoba ta faɗa wa gida kuwa, shi ne yake saurin sakin kaya. Wannan ita ce arahar da maigidanki ya samu.

Yanzu bari mu zo kan agwagin, don na ga nan ne ƙayar ta soke ki. Ƙanwata, agwagwa tana ɗaukar wannan cuta ta yi ta yawo da ita ba tare da ta kwanta ba. Haka Allah Ya yi ta, ita da dinya. Kaza da zabo da talo-talo su ne suke faɗuwa. Don haka lafiyar agwagin abokiyar zamanki ba shaida ba ce a kanta. In ma za a bi gaskiya, shaida ce a gare ta. Ki yi tunani: da guba aka barbaɗa a tsakar gidan nan, wa zai riga kowa kwasa? Kin taɓa ganin abin da ya fi agwagwa haɗama a gaban kasko? Ita ce take ture kaji ta cusa bakinta har ƙasan ruwa. Guba ba ta tambayar ta waye kafin ta kashe. Kuma guba, ko shinkafar ɓera ce mai saurin kisa, ko fiya-fiya, ko irin shuka da aka cakuɗa da magani, aikinta na sa'o'i ne. Waɗanda suka ci tare su faɗi tare, galibi da dalala da karkarwa, waɗanda ba su ci ba su tsira, magana ta ƙare. Ba ta ɗaukar biyu yau, uku gobe, ta yi mako tana bi ɗaiɗai, balle ta tsallaka danga ta shiga gidan maƙwabta. Sannan kada ki manta wanda ya fara mutuwa. Zakaran nan ya kwanta tun ran Talata, ku kuma sai ran Alhamis kuka yi hayaniyarku. Cutar ta riga faɗan shiga gidan.

Yayarki ƙaunarki ce ta sa ta faɗi abin da ta faɗa, ba na ganin laifinta sosai, ta ga 'yar'uwarta cikin ɓacin rai ta nemo mata wanda za ta ɗora wa. Sai dai ba ita za ta kwana gida ɗaya da amaryar nan shekara da shekaru ba, ke ce. Kaji ana mayar da su cikin shekara, amma ranar da kika furta wa mace cewa ta sa wa dabbobinki guba, kin dasa abin da 'ya'yanki da nata za su gada. Alhamdulillahi ba ki furta ba tukuna, fuska kawai kika ɗaure. Ita ma ba yarinya ba ce, ta ga sauyin, kuma wataƙila tana kwana da nata zullumin. Ba sai kin yi dogon bayani ba. Gobe da safe ki riga ta gaisuwa, ki ce mata, "Wance, ashe ciwo ne zakaran nan ya shigo da shi, an ce agwagi ma suna ɗauka ba sa nunawa. Ki taimake ni mu killace naki na 'yan makonni, mu raba musu kasko." Kin ga kin wanke ta ba tare da kin ce kin taɓa zarginta ba, kin kuma samu abin da kajinki suke bukata. In kina ganin za ta ɗauka da wata manufa, ki bari maigida ya faɗa muku ku biyu a zaune.

Akwai wata magana mai nauyi da ba zan ɓoye miki ba. Murar tsuntsaye tana kama da wannan cuta ƙwarai, har ƙwararren likita ba ya rantsuwa a kan wacce ce sai an kai samfuri ɗakin gwaji. Abin da kan ƙara nuna ita ce, kan kaza ya kumbura, zanko ya koma shuɗi-shuɗi, ƙafafu su yi jajayen tabo kamar an kankare su, ko a wayi gari a tarar da kaji a mace alhali jiya lafiyarsu ƙalau. Ba baƙuwa ba ce a wajenmu. A watan Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da ita a wata gonar kaji a Jaji ta jihar Kaduna, karon farko da aka ga nau'inta na H5N1 a Afirka, nan da nan kuma aka same ta a Kano. A Janairun 2015 ta sake dawowa, ta Kano da Legas. Ku kuma a Jigawa ga dausayin Haɗeja da Nguru, inda tsuntsayen ruwa daga Turai suke sauka duk rani. Abin da ya sa nake jan kunnenki shi ne ita tana kama mutum, kuma a 2007 ta kashe wata matashiya a Legas. Bayaninki ya fi karkata ga Niyukasil, wadda iyakar abin da takan yi wa mutum jan ido ne na 'yan kwanaki. Amma tunda ido ba ya rabewa, ki ɗauki matakin da zai kare ku daga duka biyun.

Wannan ya kawo mu ga Inna, surukarki. Ita da gaskiyarta a yadda ta taso: ba a barin dabba ta mutu a banza alhali ga wuƙa. Matsalar ba a tukunya take ba, wuta tana kashe ƙwayar cutar in nama ya dahu sosai. Matsalar tana wurin yanka da figa da fiɗar ciki. Jini ya zuba a tsakar gida, gashi ya bi iska, a watsa ruwan wankin nama a kwata, a jefa wa sauran kaji hanji su yi ta warwaso. Kowace kaza da aka yanka a haka, an raba cutar ga masu lafiya da hannu, mai figar kuma ta shaƙa. Don haka a daina daga yau. Ba ke za ki tsaya gabanta kina gyara mata magana ba, wannan aikin ɗanta ne, ko kuma malamin dabbobi in ya zo ya faɗa da bakinsa a gabanta, tsofaffi sun fi jin ta baƙo. Waɗanda suka yanka ko suka fige ukun nan kuwa, a sa musu ido na kwana goma. Duk wanda ya ji zazzaɓi da tari ko ciwon maƙogwaro ko idonsa ya yi ja, ya tafi asibiti, ya kuma buɗe baki ya ce kajinsu na mutuwa kuma ya taɓa su.

Abin yi yau ɗin nan, kafin ki ɗora tukunyar dare, shi ne raba su. Taran nan masu kiwo ki kama su ki kai wani wuri da kaji ba su saba kwana ba, ko ɗakin ajiya ko wani lungu da za a kewaye da zana a rufe samansa, ki tsare su a ciki, ba fita. Kada ki mayar da su tsohon akurki, cike yake da cutar. Sabon mazubin ruwa, sabon mazubin dusa. Su za ki fara yi wa hidima da safe kafin ki je wurin marasa lafiya, ba akasin haka ba. Ki ajiye wani tsohon silifas a bakin wurin wanda ba ya zuwa ko'ina sai ciki, don tafin takalmi yana ɗaukar kashin kaza ya kai inda ba a zata. Ki wanke hannu da sabulu kafin da bayan. Yara su fita daga harkar kaji gaba ɗaya har ƙura ta lafa. Zan gaya miki gaskiya don kada ki ce ban faɗa ba: cikin taran nan akwai yiwuwar wasu sun riga sun ɗauka, za ki iya ganin sun kwanta cikin kwanaki masu zuwa. Duk wadda kika ga ta yi jugum, ki cire ta nan take. Rabawar ba ta ba ki tabbacin tara, amma rashin rabawa yana iya barin ki da babu.

Biyar ɗin da ke kwance, a duba su da idon basira. Wadda ba ta iya tsayuwa ba ta iya shan ruwa, barinta azaba ce gare ta, kuma kowace sa'a tana ƙara zubar da cutar. Maigida ya ɗaure hanci da baki, ya sa leda a hannu, ya yanka ta a bakin rami ya binne. Wadda take ɗan tsattsaga abinci, a ajiye ta inda iskar hunturu ba ta bugawa, a ba ta ruwa mai tsabta da ɗan sukari ko garin bitamin na kaji, da dusa da aka dama da ruwa ta yi laushi. Wasu sukan tashi, wasu su rayu da karkataccen wuya.

Batun maɗaci da kafso, ba zan yi miki dariya ba, ni ma na ga mahaifiyata tana jiƙa shi a kasko duk hunturu. Amma wannan cuta ƙwayar bairos ce take kawo ta, kafson nan kuwa maganin bakteriya ne, bai san hanyarta ba. Har yau babu maganin da yake kashe ta in ta riga ta shiga, na Bature ko na gargajiya. Abin da yake sa mutane su rantse da maganinsu shi ne, sai annoba ta ci ta ƙoshi, saura 'yan ƙalilan da dama za su tsira, sannan a dace da ba su wani jiƙo, shi ke nan jiƙo ya yi suna. Ruwa mai ɗaci ma yakan sa kazar da ke zawo ta ƙi sha, ƙishirwa ta ƙarasa ta. Likita yana iya rubuta maganin bakteriya don tare wasu cututtuka da ke hawa kan mai rauni, amma shi zai faɗi wanne da adadinsa, da kwanakin da za a ƙaurace wa ƙwai da naman. Da a ce kashin jini kika gani a 'yan tsaki lokacin damina, wannan wata cuta ce daban mai magani a shagon kayan dabbobi. Taki ba ita ba ce, kada mai shago ya cika miki leda da ƙunshe-ƙunshe.

Jujin nan kuma, ƙanwata, shi ne ƙofar da cutar ta bi ta fita. Na taɓa tsayawa a bayan wani gida na ga yaro ya riƙo matacciyar kaza ta ƙafa ɗaya, kanta yana jan ƙasa, ya wulwula ta ya cilla kan juji. Kafin ya juya kare ya ɗauka, ya ja ta har gindin dangar maƙwabta ya yayyaga, ya bar gashi da hanji. Da la'asar kajin unguwa suka taru a wurin suna tono. Bayan mako guda babu zakaran da ya yi cara a layin. A haƙa rami mai zurfin ƙugun babban mutum, nesa da rijiya, a tattaro duk abin da ya rage a jujin da shebur, a zuba, a bi da toka mai yawa, a rufe a danne da dutse ko ƙaya saboda karnuka. In da itace, ƙonawa ma ta yi. Kashin da ke cikin akurki shi ma rami ko wuta, kada a kai gona ko a sayar wa masu lambu a wannan karon.

Maƙwabciyarki kuwa ki yafa mayafi ki shiga da kanki, bayan kin wanke ƙafa kin sauya takalmi. Ki yi mata jaje, ki gaya mata abin da kika sani, ta killace nata. Kada ki tsaya kare kai. Gara ta ji daga bakinki da ta ji a bakin rijiya.

Saura maigida, kuma a nan nake so ki yi taka-tsantsan. Ina kyautata zaton ya riga ya gane zakaransa ne, ko da bai faɗa ba. Namiji in kunya ta kama shi, sai ya nemi abin da zai yi da gaggawa ya rufe ɓarakar, shi ya sa yake maganar kasuwa. Niyyarsa ta farko ma alheri ce, ƙaton zakara ya gani ya ce bari ya gyara miki iri. In kika ce masa "kai ka jawo min", kin rufe ƙofar da kike so ki shiga. Ki same shi shi kaɗai bayan ya ci abinci, ki ce masa abin da wani ya yi mana a kasuwa shi za mu je mu yi wa wata, wataƙila ita ma kayan ɗakin 'yarta take tarawa. Ki tuna masa hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya kai su cikin masu lafiya. Ga kuma hadisin da ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Ko ta fuskar lissafi ma, dillalai sun san kakar annoba, da sun ga mutum da kaji tara a kwando rana ɗaya za su taya da wulaƙanci. Kuɗin ba zai sayi ko katifa ba, ke kuma kin rabu da irin da za ki sake tashi da shi. Kazar da ta tsallake wannan annoba takan samu kariya a jikinta, har ta ɗan ba 'ya'yanta ta cikin ƙwai na makonnin farko. Ita ce jarinki na gaba.

Sannan ki ba shi aikin da zai fanshi kansa da shi. Shi zai haƙa rami. Shi zai hau babur ya je sashen noma na ƙaramar hukuma ko asibitin dabbobi mafi kusa, ya ce kaji suna mutuwa da yawa a unguwarsu. Dukkan cututtukan nan biyu suna cikin waɗanda ake so a sanar da hukuma. Kada ya ɗauki gawar kaza ya shiga da ita motar haya, sai in su suka nema, a lokacin a ƙulle ta a leda biyu. Na san tsoron mutanenmu: kada a zo a kashe sauran. Gaskiya ne, in gwaji ya nuna murar tsuntsaye ce, hukuma takan hallaka kajin wurin. Amma in ita ce, kajin ba masu rayuwa ba ne dama, kuma a lokacin ran 'ya'yanki ake magana.

Game da biki, kada mu yaudari juna. Ƙwai yana kwana 21 kafin ya ƙyanƙyashe, kazar gida kuma tana bukatar wajen wata shida kafin ta kai ta kasuwa. Ko duka taran sun tsira, ba za su haifa miki abin da kika rasa kafin Sallah ba. Don haka tun yanzu ki buɗe maganar da maigida, abin da zai iya fitarwa daga amfanin gonar bana, ya san kayan ɗaki ba naki ke kaɗai ba ne. Ki sanar da 'yan'uwanki da wuri, har da Yaya, ta mayar da zafin nan nata gudummawa. In kina cikin adashi ki roƙi a matso miki da kwasa. Abin da bai samu ba kafin biki a kai mata daga baya, ba a kanta aka fara ba. Abu ɗaya da nake roƙonki kada ki yi: cin bashi ki sayo sababbin kaji yanzu don cike gurbi. Za ki zuba su ne a bakin annoba.

In mutuwa ta tsaya, ki ƙirga aƙalla kwana 21 daga ta ƙarshe, in kin yi wata guda ya fi. A cikin kwanakin a share akurki tas, a ƙone tsohuwar shimfiɗa da tsummokaran da suke kwana a kai, a wanke da ruwan omo tukuna, sannan a bi da Izal ko ruwan bilic, don maganin ba ya aiki a kan datti. A buɗe shi rana ta gasa. Tsohon kaskon ƙasa a fasa a binne, ya riga ya sha. Daga nan duk kazar da za ta shigo gidan, saye ce ko kyauta ko tukuici, ko daga gidanku aka aiko, sai ta yi mako biyu zuwa uku a ɗaure a gefe ita kaɗai. Da jan zakaran nan ya yi ko kwana huɗu a turke shi kaɗai a zaure, da shi kaɗai aka binne.

Rigakafi kuwa akwai shi, kuma yana cikin mafi arahar abin da ake saya wa dabba. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin wani mai suna I-2, wanda aka tsara shi saboda kajin karkara don ya fi sauran jure zafi. Akwai kuma Lasota da masu gidan gona suke amfani da shi, shi dai ba ya wasa da sanyi, daga firji sai kula mai ƙanƙara, in an haɗa shi kuma a gama da shi cikin awa biyu. Na I-2 ma ba a ajiye shi a rana ko a aljihu, a naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma a inuwa, a kuma yi amfani da shi ranar da aka haɗa. Ba shi da wuya. Da asuba kafin a buɗe akurki, ki ɗauko kaza ki matse ta a hammata, ki kwantar da kanta gefe, a ɗiga digo ɗaya a ido ɗaya. Ki dakata har ta ƙifta, za ki ga ta haɗiye, sannan ki sake ta. Manya da 'yan tsaki duk digo ɗaya ne. Yana ɗaukar kamar mako biyu kafin ya kama jiki, kuma ana maimaitawa duk wata huɗu, ɗaya daga ciki ya faɗo a watan Oktoba, kafin iska ta juyo. Ba a fafe gora ranar tafiya: ba magani ba ne, ba a ba kazar da ta riga ta kwanta. Ko taran naki za a yi musu yanzu ko a jira, wannan malamin dabbobi ne zai yanke in ya gan su. Gidajen unguwarku da cutar ba ta shiga ba kuwa, su ne ya kamata su yi yau-yau. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, don haka ku haɗa kuɗi ku mata, ke da amarya da maƙwabciyar nan da duk mai so, mai unguwa ya sa a yi shela, a yi wa na kowa rana ɗaya. Kajin da suke kiwo a juji ɗaya, rigakafin gida ɗaya ba ya isar su.

Ita kuma mai kwancin nan, ki ɗauke ta da ƙwanta da daddare, a hankali, ki kai ta wani lungu ita kaɗai, ruwanta da tsabarta a gabanta don kada ta fito nema. Zaman da take yi a kan ƙwai ya rage mata cuɗanya da sauran, wataƙila ita ce ta fi kowa rabon tsira. In ta kwanta ciwo ta bar ƙwan ya huce, a binne shi tare da sauran, kada a sa wa wata kazar.

Ki sa ƙanenki ya sake rubuto min nan da mako uku, in ji nawa suka tsira da abin da malamin dabbobi ya ce. Ki gaishe min da Inna, da amaren biyu, ta gida da mai shirin tafiya.